Neman Wurin Sukuwa da Damina



Ya ku ƴan'uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo ƙaramin abu ne a ido, har wani zai ce bai kai a ɓata masa takarda ba. Ran nan da la'asar sakaliya, bayan an ɗauke wani ruwa da aka wuni ana shatatawa, ina zaune a ƙofar gida sai ga waɗansu samari biyu sun ɓullo bisa dawaki suna tsere a kan kwalta, ruwa na fallatsa, ƴan kabu-kabu na kaucewa suna zagi. Jikana mai shekara 14, wanda ke zaune kusa da ni, ya miƙe tsaye yana binsu da kallon sha'awa har suka sha kwana. Da ya zauna sai ya dube ni ya ce, "Kaka, mu me ya sa tun da ruwa ya sauka ba mu saki Danda ko sau ɗaya ba? Ko tsufa ne ya fara sa ka tsoro?"

Na yi dariya, domin tsakanin jika da kaka ba a riƙe irin wannan magana. Amma ban ba shi amsa nan take ba, saboda amsar tana da tsawo, kuma akwai abin kunyata a cikinta. Ita ce zan zayyana a nan, ko Allah ya sa ta amfani wani gida da ke da turke.

Ni mutumin Maraɗi ne, kuma na tashi na tarar da doki a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba basarake ba ne, yana dai cikin masu rufa wa Sarki baya ranar hawan Salla, kuma bai taɓa yarda turkensa ya kwana babu dabba ba. Amma wanda ya san doki da gaske a danginmu shi ne ƙanen mahaifiyata. Kawu bai shiga lakwal ba, bai kuma taɓa mallakar dokin kansa ba, a bargar mutane ya ƙare ƙuruciyarsa. Da mahaifina ya rasu turke ya dawo hannuna, ni kuwa a lokacin ina koyarwa, sai Kawu ya ci gaba da zuwa kowace safiya yana duba kofato da harawa da ruwan sha, yana kirana "malamin lakwal" a duk sa'ad da yake so ya nuna mini cewa akwai karatun da ban yi ba.

Da rani ba a tambayar inda za a yi kilisa. Da zarar an kawar da amfanin gona, an kai hatsi rumbu, hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki, to, ƙasa duka ta zama fili, mahayi ya miƙa duk inda ya ga dama. Da damina kuwa sai duniya ta tsuke. Kakanninmu Katsinawa, waɗanda suka kafa wannan gari bisa ƙarfin doki, sun san haka sarai, shi ya sa yaƙi da fatauci da doguwar tafiya suka zama ayyukan rani. In ruwa ya sauka mahayi ya koma manomi, doki kuma ya koma turke ya ci ɗanyar ciyawa. Sai dai watan Salla ba ya jiran rani. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Salla tana zagaya dukkan lokutan shekara. Daga 2011 zuwa 2014 ƙaramar Salla ta yi ta faɗowa a Agusta da ƙarshen Yuli, daga 2017 zuwa 2022 kuma Sallar Layya ce ta riske mu cikin ruwa.

Doki kuwa ba ragon layya ba ne da za a ɗaure a yi ta ɗura masa abinci. Dokin da ya yi wata biyu a turke yana cin gero, ƙafafunsa sukan kumbura, numfashinsa ya gajarta, zuciyarsa ta yi zafi. Ranar da aka ɗora masa sirdi da kayan ado, ga tambari, ga algaita, ga ƙarar bindiga, aka ce ya yi jafi gaban Sarki, ko dai ya ji wa kansa ciwo ko ya ji wa jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiya da sassarfa ana iya yinsu kusan ko'ina, amma abin da ke buɗe ƙirjin doki shi ne ƙaramar sukuwa, watau wadda ba a kai ga sakin linzami gaba ɗaya ba, doki na tafe yana lilo da mahayinsa, kofatonsa na ba da sauti bugu uku-uku. Ita kuwa tana bukatar miƙaƙƙen wuri na mita 400 ko 500 wanda ƙafa za ta amince da shi tun daga farko har ƙarshe. Samun wannan ɗan wuri a cikin marka shi ne dukkan matsalar.

Daminar 2012 mai ruwa ce ƙwarai, kowa a Nijar yana tune da ambaliyar da aka yi a wannan shekara, kuma a cikinta azumi ya faɗo. A lokacin ina da wani ingarma bikili, ɗan shekara 8, wanda na daɗe ina tara kuɗi kafin in saye shi. Saura kwana 10 Salla, ga shi mun yi kwana huɗu ruwa bai bar mu mun fita ba. Da dare na ce wa Kawu gobe zan fitar da Bikili in sake shi. Ya ce, "Ɗana, ka ƙara kwana biyu. Ƙasa ba ta gama shan ruwanta ba." Na ce masa to, alhali a zuciyata na riga na yanke shawara. Na hau dokin zuciya tun kafin in hau na turke.

Bayan sallar asuba na ɗaura sirdi na gangara fadama, wani ɗan tsiri tsakanin garaken mangwaro inda na saba sukuwa da rani har na san kowane icce da ke wurin. Na tarar da shi shimfiɗe da gajeriyar ciyawa, kore shar kamar darduma, babu ruwa kwance ko kaɗan. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo. Na yi sassarfa ban ji komi ba, sai na taɓa shi da ƙaimi. Ba mu ci mita 100 ba na ji ƙafarsa ta gaba ta dama ta zame kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinsa. Ya yunƙura zai tare kansa da ta hagu, ita kuwa ta faɗa wani tsohon rami da masu bugun tubali suka haƙa da bazara, wanda laka ta cike, ciyawa ta rufe. Ya kife bisa gwiwa, ni kuma na wuce ta saman wuyansa. Allah ya taƙaita, ƙafata ta fita daga likkafa, ban samu karaya ba sai targaɗe a kafaɗa.

Da na miƙe na same shi tsaye bisa ƙafa uku, jikinsa na rawa, jini na bin gwiwarsa, yana dubana. Ban san ko dabba tana tuhuma da ido ba, amma ni dai haka na karanta. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 ba sai da muka shafe fiye da awa guda muna yinta, ina jan ragama, yana ɗingishi, mutane na fitowa suna yi mana sannu. Kawu na zaune a zaure. Bai dube ni ba, bai ce mini uffan ba. Ya durƙusa ya shafa bayan ƙwaurin dokin tun daga gwiwa har zuwa kofato, sa'an nan ya dafa wuyansa ya ce, "Sannu, bawan Allah." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Likitan dabbobin da muka kira ya yi mini bayanin da ya kamata in sani tun kafin in mallaki doki. Daga gwiwar doki zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata kawai. A cikin ƙaramar sukuwa akwai lokacin da dukkan nauyi, na doki wanda yakan kai kilo 300 ko fiye, da na mahayi, da na sirdinmu mai nauyi, yake sauka bisa ƙafar gaba guda ɗaya, kuma jijiyar bayan ƙwauri ce ke miƙewa ta karɓe shi. In kofato ya sauka ya ɗan nutse ya tsaya, jijiya ta yi aikinta lafiya. In ya zame, ko laka ta riƙe shi alhali jiki ya riga ya wuce gaba, sai ta miƙe fiye da ƙima, zaruruwanta su tsintsinke. Kuma jini kaɗan ne ke ratsa jijiya, shi ya sa ba ta saurin warkewa kamar tsoka, in ma ta warke ba ta komawa kamar da.

Ya yi masa allurar rigakafin tetanos saboda raunin gwiwa, ya ce a riƙa kwarara wa ƙafar ruwan sanyi na minti 20 sau biyu ko uku a yini, a naɗe ta, a rage masa gero, kada kuma a hau shi sai bayan watanni. A nan ne kaɗai na saɓa wa Kawu ban yi nadama ba. Shi ya so a kira maƙeri a yi wa ƙafar lalas, kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro, likita kuwa ya ce wutar ba ta ɗinke jijiya, azaba ce kawai bisa azaba. Na bi likita. Kawu ya yi kwana uku yana gaisawa da doki ba ya gaisawa da ni. Ranar Salla a ƙasa na tsaya cikin ƴan kallo, haka ma Sallar Layya. Sai bayan wata tara Bikili ya sake ɗaukar sirdi, bayan ƙwaurinsa kuwa ya zauna da kauri har ƙarshen ransa. Bai sake yin jafi ba. Yaran gida ya koma ɗauka, yana taƙama da su daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa.

Da damina ta zagayo, wata safiya bayan ruwan dare Kawu ya zo da sanda biyu, ya miƙa mini ɗaya ya ce, "Malamin lakwal, yau kai ne ɗalibi. Bar dokin nan, da ƙafa za mu." Muka fara da fadamar da ta kayar da ni. Ya tura ciyawa gefe da sanda, ya ce in danna dundunyata. Ta zame, kuma kafin in ɗaga ruwa ya taru a cikin sawun. Ya ce duk sawun da ya tara ruwa, ba a sukuwa a kansa ko da sama ta yi wasai. Laka ba ta barin ruwa ya wuce, riƙe shi take yi, kuma ciyawar da ta fi kowace kyau a ido a bisa irin wannan wuri take fitowa, domin nan ne ruwa ya fi zama. Bayan ruwa mai ƙarfi laka tana son rana uku cur. In kuwa shanu suka ratsa ta tana ɗanya sa'an nan ta bushe, sai ta zama ramuka masu baki kamar wuƙa, wannan kuma wani haɗarin ne dabam.

Daga nan muka hau fako, irin wurin nan mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa. Ni a zatona shi ne mafita, tun da ba ya taɓo. Na danna dunduniya ba ta bar ko alama ba. Kawu ya ɗebo ruwa da tafin hannu daga wani ɗan gurbi ya watsa, ya ce in taka in murza. Sai na ji kamar sabulu. Fako ba ya shan ruwa, samansa kawai ke jiƙa, ƙarƙashi na nan kamar dutse, saboda haka kofato ba ya samun abin kamawa. Abin mamaki, yayyafi ɗan kaɗan bayan kwanakin rana ya fi mamakon ruwa haɗari a irin wannan wuri, domin mahayi yana ganin ƙura ta kwanta sai ya ɗauka ƙasa ta yi daɗi.

Hanyar marmara, wadda motocin ƙauye ke bi, tana tsanewa da wuri, amma dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma da damina kofato yakan yi laushi saboda yawan jiƙa. Tsakuwa guda ta isa ta ƙuje tafinsa doki ya yi mako biyu yana ɗingishi. Kwalta kuwa ba sai na ɓata baki ba, tauri da santsi ne suka haɗu, ga motoci.

Inda muka fi daɗewa shi ne bakin gulbi. Yashinsa yana ruɗin mahaya, domin in ruwa ya janye sai ya bar shi sumul, miƙaƙƙe, babu ƙaya babu kututture. Kawu ya shiga yana soka sanda. Nan ta tsaya a taƙi guda, ya ƙara taku uku ta shige har rabi ba tare da ya danna ba. Inda ruwa ke bi ta ƙarƙashi, yashi ba ya ɗaukar nauyi, kuma daga sama ba a bambanta shi da mai ƙarfi. Daɗin daɗawa, Gulbin Maraɗi ba ruwan samanmu kaɗai yake kawowa ba. Daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ya ratsa ta wajen Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, kana ya sake komawa Nijeriya. Ana iya wuni a nan rana na ƙwallewa alhali an kwana ana ruwa a can kudu, sai dai kawai a ji ƙugi. Mutanen garin nan ba su bukatar a koya musu halin wannan gulbi. Shi ne ya ci tsohon gari a 1945, har aka tashi daga kwari aka hau tudun da muke zaune a yau.

Sai da rana ta ɗaga muka kai jigawa. Na danna dunduniya ta shiga kamar gaɓar yatsa guda, na ɗaga, sawun ya tsaya da bakinsa tsaf, babu ruwa a ciki. Kawu ya yi murmushi ya ce, "To, ga gadon doki." Rairayin jigawa da rani yakan yi zurfi ya gajiyar da ƙafa, amma in ya sha ruwa sai ya haɗe jikinsa ya yi daram, ruwan kuma ya wuce ƙasa cikin rabin yini. Ya koya mini har da saurare: a jigawa mai kyau kofato yana cewa dif-dif a hankali, a fako ƙwal-ƙwal, a laka kuwa sai ka ji kamar ana tsotsar wani abu. Na yi murna na ce ashe magana ta ƙare. Ya nuna mini gabas da yamma da sandarsa. Ko'ina gero ne da wake. Ƙasar da ta fi dacewa da ƙafar doki ita ce wadda gero ya fi so, kuma duk taƙi guda nata yana da mai shi.

Wannan rabin karatun ban riƙe shi da kyau ba sai da na sake yin kuskure. A daminar 2014, ina da sabon doki, shi ne Dandan da jikana ke magana, na sami wata ƴar hanya tsakanin gonaki, rairayi mai kyau, faɗinta bai wuce na amalanke ba. Na taka ta da ƙafa, na soka sanda, na tabbata babu rami. Abin da ban lissafa ba shi ne zabi. Muna cikin sukuwa garkensu ya tashi fir daga cikin shuka, Danda ya yi tsalle gefe, kafin in tattara linzami mun ratsa kunya biyar ko shida na geron da ya fara fid da kai. Gamanar wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki. Tana tsugune tana cirar ciyawa a ɗaya gefen. Ba ta yi kururuwa ba. Ta taso ta bi karan da suka karye tana ɗaga su ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa, sa'an nan ta ce, "Alhaji, kai wasa ka fito, ni kuwa tuwo na shuka."

Muka je gaban mai gari, aka kimanta ɓarna, na biya da tiyoyin gero, na ƙara da ban haƙuri, ta ce ta yafe. Hatsin bai taka kara ya karya ba a aljihuna, maganarta ce ta zauna mini. Mu mutanen jihar Maraɗi mun san inda rigimar dabba da shuka take iya kaiwa, ba mu manta da abin da ya auku a Toda a 1991 ba. Makiyayi aƙalla abincinsa yake nema. Ni ba ni da wannan hanzari. Tun daga ranar na ɗaure wa kaina cewa duk hanyar da doki ba zai iya yin tsalle gefe ya sauka a wajen shuka ba, tafiya kawai zan yi a kanta.

Saura burtali. Dokar tsarin karkara ta 1993, da ta kiwo ta 2010, sun tabbatar da hanyoyin dabbobi a matsayin haƙƙin jama'a, a wurare da dama ma an kakkafa turakun siminti don nuna iyaka. Inda burtali ya hau jigawa, kuma manoman gefe ba su cinye shi kunya-kunya ba kamar yadda wasu ke yi kowace shekara, lalle wuri ne mai kyau. Amma na makiyaya ne kafin ya zama nawa. Da farkon damina garkuna na haurawa arewa, da kaka suna gangarowa, a waɗannan lokuta ba na kusantarsa. Ko a tsakiyar marka, sai na tambayi Fulanin da ke zaune kusa ko akwai garken da ke tafe, domin doki a guje cikin tumaki da ƙananan yara masu kiwo ba abin da za a so gani ba ne. Sau da yawa ma su ne ke faɗa mini inda zaizaya ta ci hanya a daren jiya.

Na gwada filin ƙwallon wata lakwal a lokacin babban hutu, da izinin darakta. Ƙasar ba laifi, amma sai an tsince fasassun kwalabe da gwangwani, kuma da zarar yaran unguwa sun ji ƙarar kofato sai su cika wurin, dole a tsaya. Wani aboki ya ba ni shawarar filin Idi, tun da yashi ne kuma a share yake. Na ƙi. Sawun doki a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana zama gurbin ruwa, ban ga yadda zan rarake wurin da jama'a za su shimfiɗa tabarmi su sa goshi ba, balle abin da doki kan bari a bayansa. Wuraren da muka yi kilisa muna samari a bayan gari kuwa duk an yayyanka su filayen gidaje, wanda ya san Maraɗi shekara 30 da suka wuce ya san abin da nake nufi.

A ƙarshe abin da ya fisshe ni shi ne saura. Wani manomi a wani ƙauye arewa da gari, tafiyar rabin awa bisa doki, yana barin wani yanki na gonarsa ya huta, abin da ya yi wuya yanzu saboda ƙarancin ƙasa. Kawu ne ya kai ni gare shi, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa, Allah ya gafarta masa. Muka shirya: ni in riƙa sukuwa a gefen sauran da damina, shi kuma in kai masa takin bargata da amalanke kafin shuka. In ya nome wannan yanki ya bar wani, sai in bi shi can. Kowace shekara sai na sake taka wurin da ƙafa, domin tun daga shekarun 1980 manoman jiharmu suka rungumi barin tohon itatuwa a gonaki, abu ne mai albarka ƙwarai, amma ga mahayi yana nufin kututture a cikin ciyawa. Inda na same shi sai in kafa kara in ɗaura masa tsumma. Ga ramin kurege da na gafiya, ga inda gara ta rarake ƙasa ta bar ɓawo a sama.

Da hantsi nake fita. Da yamma hadari ke tasowa daga gabas, kuma mutum bisa doki a fili shi ne mafi tsawo a wurin, tsawa kuwa abin da ya fi tsawo take nema. Da almuru ƙananan ƙwarin nan masu cizo, masu yaɗa annobar dawaki, suke fitowa, gara a ce doki na barga an turara masa hayaƙi. In mun dawo a wanke ƙafa, a ƙwaƙule cikin kofato, a tsayar da shi a busasshen wuri don kada ya ruɓe, sa'an nan in shafa bayan ƙwauri huɗu da hannuna, ina neman zafi ko kumburi, kamar yadda na ga Kawu ya yi wa Bikili. Akwai makon da ba a samun ko rana guda. A irin wannan mako sai mu yi ta tafiya da sassarfa, Danda na cizon linzami yana jin haushina.

Duk wannan ban faɗa wa jikana a ƙofar gida ba. Washegari da safe na ɗauko sanduna biyu, ɗayar ta Kawu ce, na ce ya ɗauko babur ya kai mu ƙauye. Ya ce, "Dokin fa?" Na ce dokin na hutawa. Muka gaisa da mai gona, muka shiga saura. A ƙasa-ƙasa, inda wurin ya ɗan gangara, ya danna dundunyarsa, muka tsaya muna kallo har ruwa ya taru a sawun. A sama kuwa sawun ya tsaya tsaf. Muka bi tsawon wurin sau biyu, shi a dama ni a hagu. A zagaye na biyu ya tsaya cak ya kira ni, ya tura ciyawa gefe: ramin kurege ne sabo, a daidai tsakiyar inda za mu bi, kuma na riga na wuce ta gefensa ban gan shi ba. Ya ce, "Kaka, ashe ba tsoro ba ne kaɗai, har da ido." Muka cike ramin da ƙasa muka daddanne, muka kafa kara a kai. Na ce masa in ba a yi ruwa yau da gobe ba, jibi da hantsi shi zai hau, daga gawon can zuwa inda tsumma yake, kada ya wuce zuwa gangaren. Ni zan tsaya a tsakiya in saurari kofato.